Dutsen Niƙan da Ya Yi Taku Huɗu

Ranar Juma'a ce, mun dawo daga masallaci ko babbar rigata ban cire ba, sai ga Alhaji Bashir ya faɗo mini zaure babu sallama, hula a hannu, gumi na tsiyaya.

"Mai Unguwa, an sace mini fili!"

Na ce, "Fili kuma? A aljihu aka sa shi ko a buhu? Zauna ka yi mini magana irin ta mutane."

Bai zauna ba. Hannuna ya ja, ni da na girme shi da shekara ashirin, har bayan gidansu. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan lungu namu na Gyaɗi-Gyaɗi tun rasuwar mahaifina. Na raba faɗan kwata, na raba faɗan akuya, amma ban taɓa ganin dutse ya yi tafiya ba sai ran nan.

Ga yadda wurin yake. Tsakanin gidan marigayi Malam Isyaku, mahaifin Bashir, da gidan Malama Saratu akwai wani fili da ke kallon titi, ba katanga, ba danga. Iyakar gidajen biyu wani tsohon dutsen niƙa ne da aka kafa a tsaye, sai bishiyar goba a kusa da shi. Tun da na dawo daga Legas na karɓi unguwar, gobar tana ɓangaren su Bashir. Yanzu dutsen ya tsallake ta, ya shiga cikin filin Bashir taku huɗu cur, ya bar wa Malama Saratu bishiyar da ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Taku huɗu ba wani abu ba ne a gona. A bakin titi kuwa shago guda ne, kuma shaguna shida Bashir ya zana zai jera a nan.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar Litinin. Ma'aikatan safiyo za su zo su auna gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa takardar mallaka. Gidan da ke da rikicin iyaka ba zan iya buga masa hatimina ba, su kuma tsallake shi za su yi, sai ranar da Allah ya sake kawo su. Bashir yana da gidaje biyu a Daurawa da takardunsu, zai iya jira har jikoki. Malama Saratu ba ta da komai sai gidan nan, da wata takarda ta rubutun hannu da gara ta cinye rabinta. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, ta zo Kano tana amarya, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, mijinta Istifanus ya rasu a nan. Shekara goma sha biyar tana koyar da yaran unguwa karatu a ƙarƙashin rumfar kwano, ba ta taɓa aza bulo ɗaya ba. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "In na gina aka zo aka ce ba wurina ba ne fa, Mai Unguwa?" 'Yarta Esther kullum tana waya daga Kafanchan, a sayar a dawo gida. Ita kuma ta riga ta faɗa mini da bakinta cewa in wannan karon ba ta samu takarda ba, ta haƙura da Kano.

Kan ka ce kwabo wurin ya cika. Wani daga baya ya ce, "To wai wa ke cikin unguwa lokacin da maza ke masallaci?"

Ba wanda ya kama suna. Kowa dai ya juya ya kalli ƙofar Malama Saratu, wadda ke rufe. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma can na kalla.

* * *

Na tari adaidaita sahu na nufi Tarauni, wajen 'yan katako, inda Audu Mai Sawu yake gadi. Dattijo ne siriri, mutumin ƙauyukan bakin dajin Falgore. A zamaninsa in aka kore wa mutum shanu, shi ake kira, ya bi sawu kwana uku ya dawo da su har da ɓarawon. Abin da ya kawo shi birni, wata rana wani ya zo da mota da takarda ya ce gonar da Audu ya gada tasa ce. Audu ba shi da takarda, sai kabarin kakansa a gefen gonar, kuma alƙali bai karɓi kabari a matsayin shaida ba.

Na same shi yana gyaran carbi. Da na gama bayani ya ce, "Mutum nawa suka tattake wurin?"

"Za su yi arba'in."

"Madalla. Wato ka zo in karanta maka wasiƙar da akuya ta tauna."

"Kai dai tashi mu je, ba surutu na zo saya ba."

Da muka iso bai taɓa komai ba. Ya kori mutane, ya tsuguna a gindin katangar gidan su Bashir, ya ce sai rana ta karkata, don ƙasa ba ta magana da tsakar rana. Muna zaune yana kallon titi, ya ce, "Ka ga kwaltar nan da bulon intalok ɗin nan da aka shimfiɗa? Sun toshe wa ƙasa baki. A garinmu, Mai Unguwa, in na fito da safe ina sanin wa ya je rafi, wa ya yi fushi da matarsa, wace akuya ce ke da ciki. Wallahi wani lokaci har mafarkin ƙasar gonar nan nake yi, in ji ƙanshinta bayan ruwan farko." Na ga idonsa ya kawo ruwa.

Bayan la'asar ya miƙe, ya shiga zagaya wurin a sunkuye kamar mai neman allura. Ya nuna mini sawun takalmi sau-ciki mai tsinin baki, yana tafiya a miƙe daga titi zuwa bishiya. Ya nuna mini inda aka ja wani abu mai nauyi a kan buhu, an tsaya sau uku a cikin taku huɗun nan. Sannan ya nuna mini shara: an bi bayan aikin da tsintsiya, an share tsaf.

"Mace ce ke nan," na ce, zuciyata ta ƙara komawa ƙofar da ke rufe.

"Ni ban ce ba. Rami nawa ka gani a wurin nan?"

"Biyu mana. Wanda aka cire dutsen, da wanda aka kafa shi."

"Biyu," in ji shi. "To, sai da safe."

Haushi ya kama ni, amma na san halinsa. In ka matsa masa sai ya koma ba ka labarin shanun da suka mutu tun zamanin soja.

* * *

Takalmi mai tsinin baki mutum ɗaya ke sa shi a lungunmu: Inuwa dillalin filaye. Ranar Asabar da safe muka same shi a teburin mai shayi, ya tasa ƙwai huɗu a gaba. Kowa ya san ya daɗe yana zagaya gidan Malama Saratu, don yana da wani mai kuɗi da ke son wurin. In ba ta samu takarda ba, a araha za ta sayar. Kuma ba wanda ya gan shi a masallacinmu ranar Juma'a.

"Ni?" Ya dafe ƙirji. "Haba Mai Unguwa! A Babban Giji na yi Juma'a, gidan surukaina, ka aika a tambaya. Na shiga filin, ban musa ba, amma ranar Alhamis ne. Aunawa na yi da ƙafa, sana'ata ce. Laifi ne mutum ya yi tafiya?"

"Laifi ne mutum ya riƙa auna gidan da mai shi ke raye a ciki," na ce.

Audu ya matso. Hannu kawai ya miƙa masa suka gaisa, ya riƙe hannun ya ɗan jima, har Inuwa ya tsargu. Da muka bar wurin ya ce, "Cire shi. Sawunsa yana ƙarƙashin sharar, kuma kaji sun bi ta kansa tun safiyar Juma'a. Ga hannunsa kamar burodi. Wanda ya ja dutsen nan, yau ba zai iya riƙe kofin shayi ba."

* * *

Malama Saratu ta buɗe mana ƙofa da kanta. Ta rame a kwana ɗaya. A tsakar gida na ga kwalaye uku an ɗaure da igiya, na huɗu a buɗe tana jera kwanuka a ciki. Tagar ɗakinta kuwa tana kallon filin kai tsaye, har ana hango gobar.

"Malama, ke kika matsar da dutsen?"

"Ban taɓa shi ba, Mai Unguwa."

"Kina gida lokacin?"

"Ina gida."

"To wa kika gani?"

Ta sunkuyar da kai tana goge wata langa da gefen zaninta. "Kaina ke ciwo jiya. Na kwanta."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Malama, kin san abin da ake faɗa a waje? Bashir ya rantse ko an mayar da dutsen sai ya kai ki kotu. In ya kai, babu hatimi, babu takarda. Shekara talatin da biyar kina unguwar nan, rabin samarin lungun nan ke kika koya musu rubuta sunansu, shi kansa Bashir ɗin a hannunki ya iya ƙidaya. Za ki bari a kore ki da sunan ɓarauniya saboda ciwon kai?"

Ta ɗago, idonta ya yi ja. "Ina son gidan nan, Allah ya sani. A ɗakin can na haifi Esther, a gindin gobar can Istifanus yake shan iska. In na je Kafanchan baƙuwa ce ni, ko hanyar kasuwa ban sani ba. Amma ba ni da abin da zan faɗa maka."

Audu yana can yana kallon tsintsiyarta, irin mai dogon mariƙi ta roba da ake shara da ita a tsaye. Sai ya juyo ga kwalin kwanukan ya ce, "Malama, langar nan mai furen shuɗi ai saiti ce. Na ga uku. Ina babbar?"

Ta yi ɗan murmushi wanda bai kai ido ba. "Tana maƙwabta. Na aika gwaten acca a ciki, washegari rikicin addinin nan ya tashi, muka gudu. Wata biyar muka yi a garinmu kafin mu dawo. Shekara ashirin ke nan."

"Ba a dawo da ita ba?"

"Ba a dawo da ita ba. Ni ma ban aika a karɓo ba."

Na san zancen sama-sama, don lokacin ina Legas ina tuƙin babbar mota. An ce kafin rikicin, Malama Saratu da Inna Kulu, mahaifiyar Bashir, ba a jin kansu: tare suke zuwa kasuwa, tare suke daka, Inna Kulu ce ta yi mata wankan jego. An ce Malam Isyaku ne ya tsaya a ƙofar gidan Istifanus da sanda ya hana a ƙona shi. Amma tun da suka dawo, matan nan biyu gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma daga nesa. Ba wanda ya san dalili, kuma a lokacin kowa na da abin da ba ya son a tambaye shi.

* * *

A gidan su Bashir matarsa Nafisa ce ta yi mana iso. Ta ce Alhaji ya fita wajen lauya, Inna kuma ba ta jin daɗi, bayanta ya riƙe tun jiya.

Inna Kulu ta haura saba'in. Muka same ta a kishingiɗe a kan tabarma, hannayenta biyu a cikin ƙunshin lalle an naɗe da leda. Na durƙusa na gaishe ta, don ƙawar mahaifiyata ce.

"Inna, biki za a yi ne ba a gaya mana ba?"

"Kai dai ba ka rabo da tsiya tun kana yaro. Tsohuwa ba ta da ikon yin kwalliya?"

Na tambaye ta ko ta ji wani motsi a fili lokacin Juma'a. Ta ce kunnenta ya yi nauyi. Sai ta tambaye ni, muryarta ƙasa-ƙasa, "Da gaske ne wai Saratu na haɗa kaya?"

"Kwali huɗu na gani."

Ta juya fuskarta bango. A saman kabad ɗinta, can bayan jeren kwanukan samira, na hango wata babbar langa mai furen shuɗi, an goge ta tana ƙyalli. Audu ma ya gani. A bakin ƙofa kuma ya tsaya yana gyara takalmi kusa da wata guntuwar tsintsiyar kaba da ta cinye har rabi.

Da muka fito ya ce, "Ranar da aka sayar wa Istifanus wurin nan, su wa ke wajen?"

"Mahaifina, da Malam Isyaku, da shi Istifanus. Duk sun riga mu gidan gaskiya. Malama ma ba a kawo ta ba tukuna."

"Uhm. Maza uku. Cikinsu wa ke da dutsen niƙa?"

Sai a lokacin na tuna dutsen niƙa kayan mata ne.

"Tara mini su gobe bayan la'asar," in ji shi. "A zo da fartanya."

* * *

Ranar Lahadi, bayan Malama ta dawo daga coci, muka taru a filin: ni, da Audu, da Bashir ya sha kunu, da Inuwa wanda ba a gayyata ba amma ya zo, da dattawan lungu biyar. Malama Saratu ta tsaya a gefe ita kaɗai da mayafinta. Samari sun yi cirko-cirko a bakin titi.

Audu ya ce, "Alhaji, in kai za ka saci fili, yaya za ka yi?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Aunawa za ka yi. Ka ja igiya, ka buga turke, ka gwada nan ka gwada can. Wanda ya yi aikin nan bai auna ba, bai yi lalube ba. Rami ɗaya ya haƙa, a wurin da saiwar goba ta cika, inda mai hankali ba zai zaɓa ba. Ga wuri mai laushi taku ɗaya gaba, da ya ƙara samun ƙasa ma, bai je ba. Wannan ba neman wuri yake ba, ya san inda za shi."

Ya miƙa wa Bashir fartanya. "Ga tsohon ramin, inda ka ce nan ne iyaka tun fil azal. Haƙa mini kamu ɗaya."

"Ni zan haƙa?"

"Filinka ne. In wani ya haƙa za ka ce da abu ya zo a hannun riga."

Bashir ya naɗe hannun shaddarsa ya haƙa, yana huci. Jar ƙasa ce kawai, har ya wuce kamu. Audu ya sa samari biyu suka kwantar da dutsen daga sabon wurinsa, ya ce a haƙa nan ma. Sara na shida, bakin fartanyar ya fito baƙi ƙirin. Bashir ya tsaya. Audu ya tsuguna ya zura hannu, ya ɗebo gawayi cike da tafinsa, ya ɗaga kowa ya gani. Siraran saiwoyin goba sun ratsa ta cikinsa sun ɗinke shi.

"Mutanen da manoma ne," in ji Audu. "In za su raba ƙasa ba sa yarda da dutse shi kaɗai, don dutse ana ɗaga shi. Sai su binne mudun gawayi a ƙarƙashinsa. Gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa. Haka muke yi a garinmu, haka iyayenku suka yi a nan lokacin da wurin nan yake gonar rogo. Ku dubi saiwar nan, ba ta shekara ɗaya ba ce, ba ta goma ba ce. Alhaji, ba a sace maka fili ranar Juma'a ba. Dutsen ne ya koma gidansa."

Wani dattijo ya ce, "La'ilaha illallahu, haka ake yi kuwa, mun manta."

Bashir ya jefar da fartanyar. "To wa ya matsar da shi tun farko? Kuma ita Malama ta yaya ta san da gawayin, in ba ita ta binne ba?"

Audu ya ce, "Ba ta sani ba. Ba ta zo garin ba lokacin. Kuma wanda ya share wurin nan a sunkuye ya yi shara da guntuwar tsintsiya, yana ja da baya, har ƙofar da ya fito. Ni iyakar abin da ƙasa ta gaya mini ke nan. Sauran ba nawa ba ne."

Bai nuna ƙofar ba. Ba sai ya nuna ba, don ƙaramar ƙofar bayan gidan su Bashir ta riga ta buɗe. Inna Kulu ce, tana dogara sanda, Nafisa na biye da ita tana roƙonta ta koma. Ta cire ƙunshin. Lallen ya kama, amma bai rufe tafin hannunta da ya saɓule ba.

Bashir ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce, "Kai yaro, bar neman ɓarawo. Ni ce."

"Inna!"

"Dutsena ne, na aurena. Gawayin ma daga murhuna na kwaso shi, ni na zuba da hannuna, Malam yana tsaye yana addu'a." Ta tsaya ta ja numfashi, ta ci gaba: "Mahaifin Mai Unguwa yana shaida. Da aka yi rikici suka tafi, kowa ya ce ba za su dawo ba. Mahaifinka ya tsare musu gida, wannan gaskiya ne. Amma wata rana da hantsi na leƙo na gan shi yana jan dutsen. Ya ce ai sun tafi ke nan. Sai ga su sun dawo."

Ta juya wajen Malama Saratu, amma ba ta iya kallon idonta ba.

"Na ga Istifanus ya tsaya a kan dutsen ya daɗe, ya koma gida bai ce uffan ba. Tun ran nan na kasa haɗa ido da ke. Malam da zai cika ya riƙe hannuna ya ce, Kulu, a mayar. Na ce to. Shekara tara ina cewa gobe, ina jin kunyar yaron nan ya san abin da ubansa ya yi. Da na ji za a rubuta a takardar hukuma, na ce in aka rubuta shi ke nan, ƙasar nan ta bi shi kabari har abada. Na ce in mayar a ɓoye, kowa ya huta. Ban san kanki zan jawo wa ba, Saratu. Wallahi ban sani ba."

Bashir ya tsuguna a bakin ramin, ya rufe fuska da hularsa. Na tausaya masa, don shago ɗaya ba komai ba ne a kan abin da ya ji.

Malama Saratu ta matso a hankali. "Na gan ki, Yaya. Ta taga."

"Kin gan ni?"

"Tun daga fitowarki. Sau uku kina zama kina haki. Na kama ƙofa zan fito in taya ki, sai na ce in kika gan ni kunya za ta sa ki fasa, ko ki faɗi."

"Shi ne kika yi shiru ana ce miki ɓarauniya? Kika haɗa kaya?"

"Malam ya tsaya a ƙofarmu da sanda, Yaya. Istifanus ya ce mini, mutumin da ya bar mana rufin kwana, ba za mu tona shi a kan taku huɗu ba. Kuma da wace takardar za mu yi magana? Ni ba ƙasar ce ta dame ni ba. Ke na rasa."

Inna Kulu ta saki sandar. Da Malama ba ta tare ta ba da ta kai ƙasa. Na juya na daka wa samarin bakin titi tsawa su watse, ba don sun yi komai ba, sai don kada su ga Mai Unguwa yana share ido.

Bashir ne ya miƙe da kansa, ya mayar da gawayin cikin ramin har ɗan guntun da ya faɗi gefe, ya kira Inuwa ya ce ya zo ya yi amfani ko sau ɗaya a rayuwarsa. Su biyu suka ɗaga dutsen suka kafa. Sannan ya je gaban Malama ya durƙusa, ya kira ta da sunan da ya daina kiranta da shi tun yana sakandare. Ya ce, "Mama, ki yafe mana."

* * *

Ranar Litinin da hantsi 'yan safiyo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku. Suka kafa turken siminti a jikin dutsen niƙan, na buga hatimi a takardu biyu. Audu ya tsaya yana kallo har suka gama. Na ba shi abin goro ya ƙi karɓa, sai ya roƙi guntun gawayi ɗaya da ya maƙale a bakin fartanya, ya ƙulle a gefen rawaninsa. Ya ce a gonarsa ma akwai irinsa a kusurwa huɗu, yana nan yana jira, ko da ba wanda zai haƙa.

Kafin azahar har Malama ta sa an kira birkila yana auna inda aji biyu za su zauna. Ina tsaye muna lissafin bulo sai na ga ƙaramar ƙofar nan ta sake buɗewa. Inna Kulu ce, ba sanda, ba Nafisa. Ta rungumo babbar langa mai furen shuɗi a ƙirji da damatsanta, don tafin hannun ba ya riƙo. Ta ratsa filin a hankali, ta wuce dutsen, ta tsaya a gindin gobar.

Malama ta taso da sauri. "Haba Yaya, da wannan hannun? Ai langar nan na daɗe da yafe ta."

"Ni ban yafe ba. Kin taɓa ganin na mayar miki da kwano haka nan?" Ta miƙa mata. "Dambu ne, da zogale da yawa yadda kike so. Karɓi ki buɗe, ya daɗe a hanya."